Yadda ɗalibi a Sakkwato zai nemi kuɗin bincike da jarin fara sana'a ta hannun jami'arsa

Kuɗin bincike daban, jarin sana'a daban, kuma ba ofishi ɗaya ke riƙe da su ba. Mai ba da kuɗin bincike amsar tambaya yake biya, don haka abin da yake jira a ƙarshe rahoto ne, da maƙala a mujalla, da rasit na kowace naira. Mai ba da jari kuwa so yake ya ga wani ya taɓa sa hannu a aljihu ya sayi abin da kake yi. Ɗalibin da ya ɗauki kundin kammala karatunsa ya sauya masa bango ya aika gasar 'yan kasuwa, da wanda ya cika ƙudurin bincike da zancen ribar da za a ci, duk a zagayen farko ake ajiye takardunsu. Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka san wace ƙofa kake bugawa.

Kuɗin bincike: ta hannun malami yake biyowa

Babbar hanyar kuɗin bincike a manyan makarantun gwamnati ita ce asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun ETF na 1993. Daga harajin ribar kamfanoni ake tara kuɗinsa, kuma makarantun gwamnati kaɗai yake ba, na tarayya da na jiha. A nan Sakkwato ya haɗa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi.

Tallafi biyu ne suka shafi maganarmu. Na farko IBR, wato tallafin binciken cikin makaranta, wanda kowace makaranta ke tacewa a cikin gida. Ƙudurin yakan taso daga sashe, ya bi ta tsangaya, ya isa kwamitin bincike na jami'a, sannan jami'in da ke kula da harkar TETFund ya tura Abuja. An yi shekaru da dama rufinsa yana kan naira miliyan 2 ga kowane aiki, amma takardar sanarwar shekarar ita ce abin bi. Ba a sakin kuɗin gaba ɗaya: kaso mafi girma ne ke fara zuwa, ragowar sai an karɓi rahoton yadda aiki ke tafiya. Na biyu NRF, wato asusun bincike na ƙasa, gasar ƙasa baki ɗaya, wadda kuɗinta ke iya kaiwa naira miliyan 50. Ana farawa da taƙaitacciyar takarda, wanda ya tsallake a gayyace shi ya kawo cikakken ƙuduri, daga nan ya je ya kare shi baki da baki. Rukuni uku ne: kimiyya da fasaha da ƙirƙira, ilimin ɗan Adam da zamantakewa, sai wanda ya ratsa fannoni.

Duka biyun malami ne ke nema, ba ɗalibi ba. Wannan ba ya nufin ɗalibi ba shi da rabo. Kowane ƙuduri yana buƙatar masu taya aiki, kuma malamai da yawa suna son ɗalibin da zai tsaya a gona ko a ɗakin gwaji. Hanyar shiga ita ce ka je wurin malamin da fanninsa ya dace da abin da ke ranka tun sanarwa ba ta fito ba, da shafi ɗaya tak a hannu: matsalar, inda take, abin da za a auna, da kiyasin kuɗi. Ka nemi a sa aikin digirinka ya zama ɗaya daga cikin manufofin ƙudurinsa. Idan ya amince, ku yi magana tun ranar a kan abu uku: sunan wa zai fara a maƙala, ko za ka iya amfani da bayanan a kundinka, da ko akwai alawus. Kunyar malam takan hana ɗalibi wannan tambaya, kuma rashin yinta ne ke ɓata zumunci bayan shekara biyu. Cikin ladabi ake yinta, a kuma rubuta abin da aka tsayar ko da a saƙon imel ne.

Ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin lafiya suna da wata ƙofar da za su iya bugawa da sunansu, wato ƙananan tallafin ƙungiyar RSTMH ta Ingila, mai nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi, ga masu fara bincike, wanda ke kaiwa fam 5,000 don aikin shekara guda. Shi ma sai da sa hannun malami mai duba aiki da amincewar makaranta.

Rubuta ƙudurin

A nan aikin yake, don haka bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce damuwarka asarar albasa a ajiya, abin da duk manomin Kware ko Wurno ko Goronyo ya sani. Taken da ya ce za a binciki matsalolin noman albasa a Arewa ba zai wuce ba, domin ba wanda zai iya gama shi da miliyan 2 a shekara ɗaya. Taken da zai wuce shi ne wanda ya ce za a gwada rudu, wato ma'ajiyar albasa ta gargajiya, da wasu hanyoyin ajiya biyu, a ga wanne ya fi rage ruɓa da tsiro da raguwar nauyi cikin mako 20, a ƙauye kaza. Mai dubawa yana karanta wannan ya san abin da za a saya, da abin da za a auna, da ranar da za a gama.

Manufofi kada su wuce uku, kuma kowace ta zama abin da ke da ma'auni. Tsarin gwajin shi ke haifar da kasafi, ba kasafi ke haifar da shi ba. Hanyoyin ajiya uku, kowace a maimaita ta sau huɗu, ya ba ka rukuni 12. Kilo 50 a kowane rukuni ya zama kilo 600, ka ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda wadda za a tsince a zubar kafin a fara. Awo duk mako biyu na tsawon mako 20, haɗe da na ranar farko, zuwa 11 ke nan, kuma kowane zuwa yana da kuɗin mai da na masu ɗaga buhu. Sai sikeli, da na'urar da ke rubuta zafi da danshi a kowane irin rumbu, da kayan gini, da mai gadi na wata biyar, da kuɗin gwaji idan za a gano ƙwayar cutar da ke ruɓar da ita, da kuɗin buga maƙala. Kowane layi ya nuna adadi, da farashin guda, da jimla, a haɗa da takardar farashi daga mai sayarwa mai ɗauke da kwanan wata. Layin da aka rubuta "sauran buƙatu" aka ɗora masa dubu ɗari uku shi ake fara sokewa. Kwamfuta sabuwa ko waya mai tsada a cikin ƙaramin kasafi kuwa tana sa mai dubawa ya fara shakkar sauran layukan ma.

Maimaicin nan huɗu kada ka rage shi don tsimin kuɗi. Rumbu ɗaya a kowace hanya ba gwaji ba ne, domin idan wancan ya fi ruɓa ba ka da hujjar cewa hanyar ce ta jawo, ba buhun da aka zuba ba ko inuwar da ta faɗa masa. Gara a rage nauyin kowane rukuni da a rage yawansu.

Abin da ya fi kashe bincike a wannan yanki shi ne saɓanin lokacin sakin kuɗi da lokacin aiki. Albasar rani daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu ake cire ta, lokacin ne take da araha, kuma lokacin ne gwajin ajiya ke da ma'ana. Idan kuɗi ya shigo a Agusta, wadda ke kasuwa ta riga ta yi watanni a ajiye, farashinta ya hau, kasafinka ya rushe. Haka mai gwajin gero ko dawa: damina daga Yuni zuwa Satumba ce, wanda ya rasa shuka ya rasa shekara. Maganin abin shi ne ka tsara jadawali da wata na 1, wata na 2, ka kuma rubuta a fili cewa dole farkon aiki ya dace da lokacin cire amfani. Idan kuɗi ya zo a karkace, ka rubuta wa kwamitin bincike takarda ka nemi a ɗaga ranar farawa, ka riƙe kwafin amsar. Kada ka sauya gwajin da kanka don kawai a ce an fara. Mai aiki da jini ko sinadarai masu son sanyi shi kuma ya tuna zafin Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, kuma wuta ba ta da tabbas. Man janareta, da ƙanƙara, da akwatin sanyi su shiga kasafi tun farko, in ba haka ba samfurin wata uku zai lalace a dare ɗaya.

Wurin aiki ma a zaɓe shi da ido biyu. Wasu ƙananan hukumomin gabashin jihar suna fama da rashin tsaro, kuma mai dubawa ya san haka. Ka ambaci wuri na biyu da za a koma idan na farko bai shigu ba, ka faɗi dalilin da ya sa ya yi kama da na farkon. Ka kai gaisuwa wurin hakimi ko mai gari kafin ka sauke kaya, domin da izininsa manomi zai bar ka ka taɓa rumbunsa.

Duk binciken da ya taɓa mutum, ko da tambayoyi ne kawai, yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da nasa, Ma'aikatar Lafiya ta jiha ma tana bayarwa ga aikin da za a yi a asibitocinta. Na dabbobi ma akwai nasa izinin. Kwamitocin nan ba kullum suke zama ba, saboda haka a nema da wuri. Izinin da aka samo bayan an gama tattara bayani mujallar kirki ba ta karɓarsa. Takardar neman yardar mahalarta a fassara ta da Hausa mai sauƙi, kuma inda za a yi hira da matan aure a cikin gida, a sa mace a cikin masu tambaya, a ware mata kuɗinta.

Idan kuɗi ya fito, asusun jami'a yake shiga, daga nan a ba jagoran binciken a matsayin kuɗin da ke wuyansa har sai ya kawo shaidar yadda aka kashe. Ofishin ma'aji da masu binciken kuɗi rasit suke so mai sunan shago da kwanan wata. Manomi da ɗan dako da mai kabu-kabu ba su da rasit, don haka ka buga takardar biya mai gurbin suna, da aikin da aka yi, da adadi, da sa hannu ko dangwale, a cike ta a take. Ka ɗauki hoton kowane rasit a ranar, musamman irin na na'urar POS, wanda zafi ke goge rubutunsa cikin 'yan watanni. Kada ka ɗauki kuɗin wani layi ka kai wani ba da rubutaccen izini ba. Wanda bai rufe lissafin kason farko ba, na biyu ba zai fito ba, kuma jinkirinsa yana iya shafar abokan aikinsa da ke jiran nasu a zagaye na gaba.

Daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa

Tun wajen 2007 darasin koyon sana'a ya zama dole a jami'o'in Najeriya, kuma a manhajar da hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022 akwai darasin ENT 211 a aji biyu da ENT 312 a aji uku. Ɗalibai da yawa don maki kawai suke yinsa. Mai niyyar sana'a ya mai da aikin da aka ba shi a darasin ya zama gwajin farko na kasuwancinsa, ya kuma saba da ma'aikatan cibiyar koyar da sana'a ta makarantarsa, domin ta hannunsu sanarwar gasa da takardar shaida ke fitowa. Mai aikin da ya shafi hasken rana, ko busar da amfanin gona, ko murhu mai tsimin itace, yana da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a cikin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta daɗe a kan irin wannan aiki. Sa'a ɗaya da injiniyan da ya ƙera irin na'urar sau da yawa za ta rage maka asarar ƙarfe da gilashi.

Idan abin da ka ƙera sabo ne da gaske, kada ka buga shi a mujalla, kada ka baje shi a Facebook ko a wurin taro, sai an shigar da takardar neman mallakar ƙirƙira. Dokar 1970 da ke kula da wannan ta shar'anta abin ya zama sabo, kuma abin da aka riga aka bayyana wa jama'a ya rasa wannan sharaɗi, ko da mai shi ne ya bayyana. Kariyar shekara 20 ce. Hukumar NOTAP, mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, tana taimaka wa masu bincike wajen shigar da takardar. Ka tambayi ofishin bincike na jami'a abin da ƙa'idarta ta ce game da abin da aka ƙirƙira da kayanta ko da kuɗin tallafi, domin galibi tana da kaso, malamin ma haka. A san wannan kafin mai zuba jari ya tambaya.

Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Masu ba da jari sun fi sakin kuɗi ga wanda ya riga ya fara da ɗan abin da ke hannunsa. Kafin ka cike kowane fom, ka je Kasuwar Kara ko inda masu sayen kayanka suke, ka zauna da mutum 20 zuwa 30. Kada ka tambaye su ko abin ya yi kyau, kowa zai ce ma sha Allah. Ka tambayi yadda suke yi yanzu, da nawa suke kashewa, da nawa suke asara, sannan ka faɗi farashinka ka ga wa zai ba da kafin alƙalami. Sunaye biyar da suka biya, da littafin ciniki na wata uku, sun fi shafi talatin na hasashe nauyi a gaban alƙalan gasa.

Lissafin farashi shi ne inda ɗaliban kimiyya suka fi tuntuɓe. Mu koma ga albasa, a ce busar da ita za ka yi ka sayar a leda. Mafi yawan nauyinta ruwa ne, har kusan kilo 10 na ɗanya ne ke ba da kilo 1 na busasshiya bayan an ɓare. A ce ka sayi kilo a naira 500, to busasshen kilo ya riga ya ci 5,000 tun ba a yi maganar masu yanka, da leda, da dako, da wadda ta lalace ba. Na'urar busarwar ma tana tsufa: idan ta ci 300,000 kuma shekara uku za ta yi, dubu ɗari ke nan a shekara, in kana fitar da kilo 400 kowane kilo ya ɗauki 250. Ladan aikinka ma ka sa shi. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba, da damina kuma danshi, wanda ke sa kayan su yi laushi su yi fumfuna idan bakin ledar bai liƙe da kyau ba. Abin ci ko sha ko shafawa da aka ƙulla a mazubi yana buƙatar lambar NAFDAC kafin manyan shaguna su karɓa, kuma sai sun zo sun ga wurin da ake yin kayan. Ɗakin kwanan ɗalibai ba zai samu wannan lamba ba.

Rajista da hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni rajista, iri biyu ce ta shafe ka. Sunan kasuwanci ya fi araha, ya ishe ka buɗe asusun banki da sunan sana'ar. Kamfani mai iyakantaccen alhaki shi ake buƙata idan za a raba hannun jari, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. Shaidar da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ke ba sababbin kamfanonin fasaha a ƙarƙashin dokar 2022 ma sai irin wannan kamfani, wanda bai wuce shekara 10 da kafuwa ba. Sunanka ya zama iri ɗaya a NIN da BVN da takardun makaranta da na CAC. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya riƙe kuɗin da aka riga aka amince a ba ka.

A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe tallafin jarin sana'a na ɗalibai mai suna S-VCG, wanda ke kaiwa naira miliyan 50 ba tare da karɓar kaso a kamfanin ba, ga ɗaliban aji uku zuwa sama a fannonin kimiyya, fasaha, injiniyanci, lissafi da likitanci. Gidauniyar Tony Elumelu kuma, wadda ta fara shirinta a 2015, tana buɗe shafin nema ranar 1 ga Janairu, tana ba waɗanda aka zaɓa horo da jarin dala 5,000 wanda ba a mayarwa, kuma ba ta ware fanni ba. Rancen NELFUND na kuɗin makaranta ne da na ɗawainiyar karatu, kada a lissafa shi cikin jari. Wanda ke gudun kuɗin ruwa, kamar yawancinmu, yana da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ, inda a tsarin murabaha banki ke sayen injin ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko. Amma bashi bashi ne ko ba ruwa, kada a ɗauke shi kafin ciniki ya kankama. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko ka turo lambar sirrin da banki ya aiko maka don a saki tallafi, ɗan damfara ne. Ka tabbatar da kowace sanarwa a shafin hukumar da kanta ko a ofishin jami'a.

Idan ku biyu ne ko uku, ku rubuta yarjejeniya tun ba a ga kuɗi ba, da shaidu biyu: kason kowa, aikin kowa, wa ke sa hannu a banki, da abin da zai faru da kason wanda ya daina zuwa. Hanya mai kyau ita ce kaso ya riƙa tabbata a hankali, misali kashi ɗaya cikin huɗu a kowace shekara, don kada wanda ya yi wata huɗu ya tafi da rabin kamfani. Ku sa hidimar ƙasa a lissafi, domin za ta ɗauke ku shekara guda, wataƙila zuwa jihohi daban-daban. Tun kuna aji uku ku jawo ɗalibi ko ɗaliba daga ajin ƙasa ku koya masa aikin, ku tsara asusun yadda mutum biyu cikin uku za su iya amincewa da fitar da kuɗi ta waya, ku kuma nemi rubutaccen izinin ci gaba da amfani da wurin aikin jami'a bayan kun gama, domin katin ɗalibi yana ƙarewa, izinin shiga ɗakin gwaji ma ya ƙare tare da shi.